An gina magudanar ruwa a unguwarku: ga abin da ya rage a wuyanku kafin malka

Ranar da aka kammala magudanar ruwa a layinmu, mata har guɗa suka yi. Shekara da shekaru muna shan wahalar damina, kowane ruwa sai an kwana ana kwalfa da ƙwarya da bokiti. Ga shi yanzu an zuba siminti, an jera murafu, ruwa ya sami hanya. Damina biyu muka yi muna barci har da munshari. Buhunan yashin da muka saba jerawa a ƙofar zaure suka ruɓe a rana, ba wanda ya sake cika wasu. Wani maƙwabcinmu ma ya sauke buhunan geronsa daga kan dakalin da ya yi musu, ya ce wurin yake so. A damina ta uku, cikin wani dare na watan Agusta, ruwa ya shigo mana ta rariya, wato ta ƙofar da muka yi masa don ya fita. Magudanar ba ta karye ba, ba kuma ha'inci aka yi a gininta ba. Cika ta yi ta tumbatsa, ruwan ya nemi inda ya fi gangare, tsakar gidanmu kuwa ta fi titi zurfi.

Tun daga daren nan nake gaya wa duk wanda zai saurara cewa magudana da shingen ƙasa da kwalbati suna rage ruwa, amma akwai sauran da ba su ɗauka, kuma wannan sauran namu ne. Ya fi samun mutane a kwance, domin aikin da aka yi ya sa kowa ya saki jiki. A 2020 kogi ya fasa shingen kariya a Yamai, ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde. A 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Mako guda kafin nan, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacinmu na unguwar Birni a nan Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. A shekarar 2024 ɗin fiye da mutum 300 suka rasu a Nijar sanadiyyar ruwa, abin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Jihar Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Ga matakan da nake ganin kowane gida da kowane layi ya kamata su bi.

Na farko: ka san iyakar abin da aka gina

Duk magudana da girman ruwan da aka auna mata. Injiniya ba ya gina wa ruwan da ya fi kowane ruwa, don kuɗin ba zai isa ba. Yakan zaɓi wani mizani, misali irin ruwan da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara goma. Mutane da yawa suna jin haka sai su ɗauka in ya zo bana an huta sai bayan shekara goma. Ma'anar ita ce kowace damina akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 ya zo, ko da ya zo bara. In ka tara damina goma, yiwuwar ka gan shi aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 65 cikin 100. Wanda zai zauna a gida shekara ashirin ko talatin ya sa a ransa cewa zai ga ranar da magudanar za ta gaza.

Ga lissafin da ya buɗe mini ido. Ruwan milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ne. Gidan da ke da mita 15 a 20, in aka yi ruwan milimita 50, lita 15,000 ne suka sauka a kansa. Duro 75 ke nan na lita 200, ko jarka 600 ta lita 25. Gida ɗaya fa. Ka ƙirga gidajen layinku da na layukan da ke sama da ku, duk ruwansu a wannan magudanar zai bi. Damagaram ba ta samun ruwa mai yawa a shekara, wajen milimita 400 ne in an kwatanta, amma yakan sauko a dunƙule tsakanin Yuli da Satumba, wani lokaci rabon makonni a dare ɗaya. Garin kuma a kan dutse yake zaune. Dutsen da ya sa rijiyoyinmu ba su da ruwa har sai an janyo mana daga Gogo da Arunguza, shi ne ke hana ruwan sama nutsewa a wurare da dama. Sai ya gudu a sama. Kowane sabon gida da aka yi wa rufin kwano da daɓen siminti yana ƙara wa magudanar kayan da ba a lissafa da shi ba ranar da aka zana ta.

Don haka ka tambaya. Ka je wurin mai unguwa, ko ofishin magajin garin gundumarku, ka nemi sanin ina magudanar ke kai ruwan, wa ke da alhakin yashe ta, kuma ina ta fi ƙanƙanta. Tambaya ce ta haƙƙi, ba rashin kunya ba ce.

Na biyu: ka bi ruwa da ƙafarka

Wannan ba a yin sa a zaune. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, da zarar ya tsagaita kuma ba tsawa, ka fita ka bi magudanar daga ƙofar gidanka har inda ta ƙare. Ka lura da inda ruwa ke taruwa yana juyi, inda ƙaramar magudana ke shiga babba, bakin kwalbati, da inda murfi ya karye ko aka ɗauke shi. Ka dubi tafkin ko kududdufin da ruwan ke zuba ciki. In ya cika tun a Yuli, ruwan Agusta ba shi da masauki, baya zai dawo.

Sannan ka dawo gida ka auna abu ɗaya: tsakar gidanka da titi, wa ya fi tudu? Unguwanni da yawa da aka gyara titinsu, an ɗaga titin, gidaje sun koma rami. Ba sai da na'ura ba. Ka sami siririn tiyo mai haske, irin wanda magina ke awo da shi, ka cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a bakin magudana, wani ya riƙe ɗayan a tsakar gida. Ruwan da ke cikin bakunan biyu daidai yake tsayawa, sai ku auna daga nan zuwa ƙasa a kowane ɓangare. In tsakar gida ce a ƙasa, rariyarka ƙofar shigowar ruwa ce ranar da magudana ta cika.

Tsofaffin unguwa ma ma'auni ne. Ka tambayi wanda ya haura saba'in ina ruwa ke bi kafin a yi gine-gine. Ruwa ba ya manta tsohuwar hanyarsa.

Na uku: gidan kansa

A nan zan daɗe, domin a garinmu abin da ya fi ɗaukar rai a damina shi ne bango ko rufi ya faɗo wa mutane suna barci. Magudana ba ta da abin da za ta yi wa bangon da ya sha ruwa daga gindi.

Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a gindin bango na ƴan sa'o'i yana jiƙa tubalin ƙasa, ya yi laushi, nauyin da ke sama ya danne shi. Ka zagaya gidanka ciki da waje tun cikin bazara. Duk inda gindin bango ya zaizaye ya yi kogo, a cike shi da ƙasa mai kyau da aka kwaɓa ta kwana, a yi masa gangare yadda ruwa zai gudu daga bangon. Mai hali ya sa a yi wa gindin kariya da dutse, mu da dutse bai yi mana wuya ba, ta kai kamar tsawon gwiwa. Kada ka manta bangon da ke tsakaninka da maƙwabci. Kowa na ɗauka na ɗayan ne, shi ya sa ya fi kowane bango lalacewa.

Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa yana da kyau a ido, amma ina jin tsoronsa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. In ruwa ya sami tsaga ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar bushewa, ƙasar na narkewa a ɓoye alhali fuskar bangon lafiya lau. Ka ƙwanƙwasa da bayan wuƙa ko ɗan dutse. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bangon, sai a fasa wurin a duba. Magabata da suke yaɓe da makuba sun san abin da suke yi, bangon na korar ruwa kuma yana shan iska.

Sai rufi. Soron ƙasa, ka hau ka share shi, ka cire ciyawar da ta tsiro, ka toshe tsaga, ka tabbata gangaren na kai ruwa bakin indararo. Akwai kuskuren da ake yawan yi: kowace shekara a ƙara ƙasa a sama ba tare da an rage tsohuwa ba. Rufin na ƙara nauyi, in ya sha ruwa ya ninka, azarar kuwa tsufa take yi. Ka shiga ɗaki ka soki azara da tsinin wuƙa, musamman inda ta shiga bango. In wuƙar ta nutse, gara ta gama da ita. Indararo kuma ya zama dogo yadda zai jefa ruwa nesa, a sa dutse ko fasasshen bulo inda ruwan ke sauka don kada ya haƙa rami a gindin bango. Guntun indararo ya kayar da ɗakuna da yawa.

Masai ma abin dubawa ne. Ramin da ke kusa da bango, in ya cika da ruwan sama, gefensa na zubewa ya ja bangon. A ɗaga bakinsa sama da daɓen tsakar gida, a yi masa murfi, in ya kusa cika a kwashe shi kafin Yuli.

Ƙofar gida: a ɗaga dokin ƙofa da bulo jeri ɗaya ko biyu. Rariya kuma a tanadar mata abin toshewa, ko da ƙaramin buhun yashi ne da aka naɗe da leda, a ajiye shi kusa da ita. Amma ka tuna, in ka toshe rariya ruwan da ke sauka cikin gidan ba shi da mafita. Shi ya sa ake haƙa ɗan rami a kusurwar da ta fi gangare, nesa da bango, inda ruwa zai taru a riƙa kwalfewa ana zubarwa waje. Buhun yashi kuma ba a cika shi fam. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, a naɗe bakinsa ƙasa, a jera kamar yadda ake jera bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake kowane jeri.

In gidan haya kake, ka nuna wa mai gida abin da ka gani da wuri, gaban shaida. In ya ƙi gyara, kai dai ka san ɗakin da ba za a kwana ciki ba ranar ruwa.

Na huɗu: yasar magudana

Magudanar da yashi da leda suka cike rabinta, rabin magudana ce. Iskar rani na zuba mata rairayi wata bakwai ko takwas, mu kuma muna ƙara mata shara. Jiran hukuma ta zo ta yashe kowane layi kafin ruwan farko, jiran gawon shanu ne. A sa ranar gayya a watan Mayu ko farkon Yuni, a sake wata a ƙarshen Yuli kafin malka. Samarin fada, wato majalisar hirar matasan unguwa, su ne ƙarfin wannan aiki, a ba su shebur da baro da safar hannu, dattawa su sa baki, mata su taimaka da abin sha. A fara daga ƙasa a yo sama, domin in an buɗe sama alhali ƙasa a toshe, an tara wa na ƙasa ruwa ne kawai. Abin da aka kwaso kada a tara shi a bakin magudanar, ruwan farko zai mayar da shi. A nemi amalanke a kai shi nesa. Kada yaro ya shiga ƙarƙashin rufaffiyar magudana, kuma duk murfin da aka ɗaga a mayar da shi a ranar. Ramin da ba murfi, in ruwa ya rufe titi ba mai ganinsa.

Wani abu da ke jawo faɗa: mutum ya yi shinge a ƙofarsa ya karkatar da ruwa gidan maƙwabci. Irin wannan a kai shi gaban mai unguwa tun rani, lokacin da zukata ke sanyi.

Na biyar: alamar tashi

Gida ya zauna tun kafin damina ya yanke shawara ɗaya: me za mu gani mu fita? In ba a yanke ba, cikin dare za a tsaya gardama, ruwa na hawa.

Mu a layinmu mun shafa fenti layi biyu a jikin kwalbati. In ruwa ya kai na ƙasa, kowa ya ɗaga kaya sama, ya toshe rariya, a tashi yara a sa musu takalma. In ya kai na sama, masu ɗakunan ƙasa su fita. A cikin ɗaki kuma alamun ba sa ɓuya: ƙasa na zubowa daga rufi, sabuwar tsaga a kusurwa, ƙofa ta ƙi rufuwa alhali jiya lafiya take, azara na ƙara, danshi ya hau bango ya wuce gwiwa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ba a tsayawa ɗaukar katifa.

Ruwan da ya fi kayar da gini sau da yawa shi ne na kwana biyu ko uku a jere, wanda bango bai sami rana ya bushe ba. Saboda haka a riƙa sauraron hasashen hukumar yanayi ta ƙasa da adadin ruwan da ake faɗa a rediyo. Kana iya yin ma'auninka da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ka ajiye shi a fili nesa da bango da itace, da safe ka sa abin awo ka ga milimita nawa. Cikin damina ɗaya za ka gane adadin da ke cika magudanarku.

A san wanda zai tashi mutane. Lambobin waya na layi su kasance wurin mutum biyu ko uku, a yi rukuni a WhatsApp in ana so, amma kada a dogara da shi kaɗai, don daren ruwa wuta kan ɗauke, waya kan mutu. Lasifikar masallaci mai batir, usur, ko dukan ƙofa sun fi tabbas. A rubuta gidajen da ke da tsoho, makaho, gurgu, mai ciki ko mai jego, kowane a ɗora wa wani saurayi da sunansa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, yara ma su haddace ta.

Tsofaffi sukan ƙi fita. Daren da na ba ku labari, mahaifiyata ta zauna bakin gado ta ce a ɗakin nan ta haife mu, ba inda za ta. Ƙanena ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki rufa mana asiri, in kin zauna mu ma zama za mu yi, ga jikokinki a tsaye cikin ruwa." Sai ta miƙa hannu a ba ta mayafinta. Da mun yi maganar da ita tun rani, da ba mu ɓata wannan lokacin ba.

Na shida: ina za a je, ta wace hanya

A zaɓi wuri mai tudu da ginin siminti: gidan ɗan'uwa, makaranta, masallaci. A nemi izini tun yanzu. A bi hanyar da rana tare da yara, a ga inda ramuka suke. Ruwa mai gudu da ya ɗan haura idon sawu, wajen santimita 15, yana iya kayar da babba. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, balle babur. Ɗan kabu-kabu da ya ce zai ratsa, a sauka a bar shi. A riƙe sanda ana dogarawa ana taɓa ƙasa, a yi nesa da jikin katanga da turakun lantarki. Kafin a fita a kashe wuta daga mita da busasshen hannu. In ruwa ya riga ya kai wurin mitar, a bar ta. A kwance dabbobi daga turke, akuya a ɗaure ba ta iya ceton kanta.

Na bakwai: jaka da hatsi da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar fili, takardun makaranta da na asibiti, a sa su cikin leda biyu, a saka a bokiti mai murfi, a rataye kusa da ƙofa. A ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani ɗan'uwa a wata unguwa. A haɗa da tocila, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, gidan sauro, da ɗan kuɗi. Hatsi a ɗora shi kan dakali ko katako da ya kai gwiwa, a janye shi daga jikin bango. Agusta lokacin tsadar abinci ne, wanda geronsa ya jiƙe a watan nan sai ya koma awon tiya da tsada. Mai shago ya mayar da sukari da gari da siminti kanta ta sama.

Yawancinmu ba mu da inshorar gida, don haka asusun unguwa shi ne inshorarmu. Mata sun riga mu sanin wannan, ga adashe ga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maradi tun 1991. A ware wani kaso na damina, ko dala ashirin ashirin ne a mako, a rubuta a littafi, mutum biyu su riƙe. A amince tun farko me kuɗin zai yi: tamfol, abincin kwana uku, ladan magini. Taimakon hukuma da na ƙungiyoyi yakan zo, amma sai an yi ƙidaya, kwanakin farko a hannun maƙwabta suke.

Na takwas: bayan ruwa ya janye

Mutane sukan ɗauka an tsira da zarar gari ya waye, su koma ɗaki. Bangon da ya jiƙe na iya faɗuwa kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ya tsaya. Kada a kwana ciki sai magini ya duba, an tokare abin da ke buƙatar tokari. A buɗe ƙofofi da tagogi. Mai ɗaga kaya ya yi hattara da maciji da kunama, su ma tudu suka nema. Kada a mayar da wuta sai wayoyi sun bushe kuma mai gyaran lantarki ya gani.

Ruwan ambaliya ya bi ta masai da juji, saboda haka duk randa ko rijiya da ya shiga ta gurɓata. A wanke randuna, a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira rabin sa'a. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, ko da zuciya ba ta so. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawar kamar ruwan shinkafa ce, ko da amai, ko yaro ya ƙi shan komai, a garzaya asibiti, kwalara ba ta jira.

Sauro kan ƙyanƙyashe ya girma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma a ruwan da ya kwanta, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ke biyo bayan ambaliya. A kife tsofaffin tayu da gwangwanaye, a cike ƙananan ramuka, kowa ya kwana cikin gidan sauro ko a makaranta aka sauka. Maganin rigakafin da ake rabawa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, a tabbata an ba su na kwana ukun duka, ko da an bar gida. Kududdufin da ya cika kuma yana jan yara kamar kasuwa. Gefensa santsi, tsakiyarsa zurfi inda aka ɗebi ƙasar gini, ga tsargiya. A sa babba ya riƙa lura, a faɗa a masallaci da makarantar allo.

Ka ɗauki hoton ɓarnar kafin ka taɓa komai, ka kai rahoto wurin mai unguwa don sunan gidanka ya shiga ƙidaya.

Na tara: ka sa wa ruwan alama

Kafin danshi ya bushe, ka ja layi a jikin bango daidai inda ruwa ya tsaya, ka rubuta kwanan wata. In za a sake gini, tushe ya haura wannan layin. Kuma kada a tayar da bango da tubalin da bai bushe ba don gaggawa, gara a zauna a rumfa har kaka. Akwai filin da gaskiya ba na zama ba ne, tsakiyar hanyar ruwa ko cikin tsohon tafki. Na san barin gida ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda ba shi da wani, amma wanda ruwa ya kora sau biyu daga wuri ɗaya ya fara neman mafita tun yanzu, dangi da unguwa su taya shi.

A watan Oktoba ku sake zama a ƙofar mai unguwa. Ina magudanar ta fara tumbatsa, ƙarfe nawa, wa bai ji kira ba, nawa ya rage a asusu. Ku rubuta a takarda ɗaya, ku kai kwafi ofishin magajin gari da hotunan wurin da ya gaza. Mu a namu zaman muka gano cewa layin fenti na sama ya yi tsawo da yawa, kafin ruwa ya kai shi gidaje uku na ƙarshen layi sun riga sun cika. Washegari samari suka kankare shi, suka sake shafa wani ƙasa da shi da taƙi ɗaya.